Mai Tsawa da Tef ɗin Gareji

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da salla a masallacin Sterling da ke kusa da Washington, wasu samari 'ya'yan abokaina suka tare ni a wurin ajiye motoci, suna tambayata wai har yanzu ina wannan aiki na tsofaffin kaset. Na ce ina yi. Ɗaya ya ɗaga wayarsa ya ce ai yanzu akwai manhajar da za ta gama aikin kafin in gama alwala. Ban yi musu da shi ba, don matata Hajiya na jirana a mota. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku da kuke ganin sana'armu danna maɓalli ce kawai. Labarin tef guda ɗaya zan ba ku, wanda tun kafin in ɗora shi a inji na san sau ɗaya tak zai yarda ya juya. Sai dai ku yi haƙuri in fara daga inda na fara.

A wani gidan rediyo a Kaduna na koyi aiki, a hannun Malam Garba, wanda ake wa laƙabi da Mai Reza. Wata shida na farko bai bar ni na taɓa tef ba. Nawa auduga ne da sifirit. In goge kan inji, wato ɗan ƙarfen nan da tef ke bi ta kansa ya ba da sauti, in goge robar da ke jan tef ɗin, in kawo masa audugar ya duba. In ya ga ko ɗigon datti sai ya miƙo mini sabuwa. Daga baya ya ba ni reza da farin fensir. A lokacin tef na ril ake yi, doguwar igiya mai faɗi da ake naɗewa daga wannan faifai zuwa wancan. Babban mutum zai zo ya yi jawabi, ya yi tari sau biyar, ya ce "e to, wato" sau goma. Kai kuma ka riƙa juya faifan da hannu a hankali har ka ji daidai inda tarin ya fara, ka sa alama, ka yanke, ka haɗa da ɗan salatif. In ka yanke kaɗan tarin na nan. In ka yanke da yawa ka cinye wa mutum numfashi, ya koma magana kamar ana binsa da gudu.

A jikin injin akwai allura mai nuna ƙarfin sauti, ƙarshen mizaninta ja ne. A wurin Malam Garba, allura ta taɓa jan nan ya fi ka zo aiki a makare muni. Yakan ce, "Isiyaku, mai saurarenka yana ƙauye, batirinsa ya kusa mutuwa, ga tsakin gajeren zango. In ba ka wanke masa murya tas ba, me zai ji?" Haka na tashi da sanin cewa duk abin da ba tsabtatacciyar murya ba ne, datti ne, kuma aikina in kawar da shi.

Da wannan tarbiyya na zo Washington, na shiga cikin masu kula da sauti a sashen Hausa na wani gidan rediyon ƙetare. Na daɗe a can. Sannan shekarar da ba na mantawa ta zo. Kwamfuta ta karɓe aikin yanka da haɗawa, aka jera injunan ril a baranda za a zubar, kuma kafin shekarar ta ƙare ni ma aikina ya bi su. Ba laifin kowa ba ne, zamani ne. Na roƙa aka ba ni biyu daga cikin injunan, na kawo su ɗakin ƙasa na gidanmu a Fort Washington, na rufe su da tsohon zanen gado. Shekara guda cur ina jigilar fasinja daga filin jirgin Dulles, mutum mai furfura yana ɗaukar wa yara akwati. Duk ranar Lahadi nakan sauka in kunna injunan su yi juyin minti goma don kada mai ya daskare a jikinsu. Hajiya Rabi, matata, takan ce ban da ni babu mai kiwon dabbar da ba ta nono ba ta haihuwa.

Wadda ta fara buga mini ƙofa da neman gyara wata baiwar Allah ce 'yar Damagaram, da kaset a ƙulle cikin hankici. Irin kaset ɗin wasiƙa ne da iyayenmu kan cika da magana su ba matafiyi ya kawo. Na mahaifiyarta ne, ta rasu, kuma rediyon mota ya cinye shi ya tauna. Na kwance ƙusoshi biyar ɗin nan ƙanana, na zare igiyar a kan tawul, na riƙa miƙar da ita da bayan cokali kamu bayan kamu, na mai da ita cikin sabon gida. Muryar tsohuwa ta fito tana lissafa gaisuwar 'yan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar labari ya bazu. Masu kaset ɗin biki suka zo, limaman coci suka zo da wa'azin magabatansu, har wata jami'a ta aiko da kwali uku.

A nan na koyi gashi. E, gashi, kada ku yi dariya. Tef ɗin wasu shekaru, in ya daɗe a wuri mai laima, gam ɗin da ke riƙe da garin ƙarfen da sauti ke kwance a kai yakan sha ruwa ya yi danƙo. Ka ɗora shi haka, sai ya yi ƙara kamar ɓera, ya manne, ya bar muryar mutum a jikin injinka. Maganinsa a gasa shi da zafi kaɗan, wanda hannu zai iya jurewa, yini ɗaya ko biyu, sannan a bar shi ya huce da kansa. Injin busar da nama da 'ya'yan itace nake amfani da shi. Hajiya ta yi shekara tana roƙon in ara mata ta yi kilishi, na ce ranar da yaji ya shiga wa'azin fasto ita za ta yi masa bayani. Daga ƙarshe sai da na saya mata nata.

Bara da bazara wata mata Baturiya ta kira ni ta ce mahaifinta mawaƙi ne, yana da tsofaffin tef, an ce ina da injin da zai karanta su. Suka zo da mota cike da kwalaye. Dattijo ne dogo, farin gashi har gadon baya, hannuwa duk zane, ga baƙar rigar fata, ga ɗan ƙyalle ɗaure a wuya. Na yi masa sannu da zuwa, ya ɗaga mini ɗan farin allo da ya rubuta gaisuwa a kai. 'Yar ce ta yi bayani. Shekara hamsin ya yi yana irin waƙar da suke kira hebi metal, ta jita mai ruri da ganguna kamar ana rushe gini, mawaƙi kuma yana tsala ihu. Ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro, likitoci suka cire abin da ke ba da murya don su ceci ransa. Yanzu wani kamfani zai tattara waƙoƙinsa tun daga na farko har na ƙarshe, ya fitar a akwati guda tare da ɗan littafi. Ba zai sake rera ko baiti ɗaya ba. Abin da ke cikin kwalayen nan shi ne muryar da ta rage masa.

Bayan sun tafi na gasa guda ɗaya na ɗora. Ban kai minti ɗaya ba sai ga Hajiya a kan matakala, hannu duk ƙullu.

"Alhaji, injin ne ya ƙone, ko aradu ce ta faɗo mana a ɗakin ƙasa?"

Na ce kwastoma ne. Ta ce to Allah ya ba Mai Tsawa lafiya. Sunan da ya bi shi ke nan a gidanmu.

Ga kuskuren da na tafka. Allura ta kwanta a ja ta ƙi tashi. Jita tana kuka kamar lasifika ta yage. Muryar mutumin kuwa a karce, kamar ana jan kwano a kan siminti. Duk abin da Malam Garba ya zuba mini a kai ya miƙe tsaye ya ce tef ɗin nan ya lalace. Na kwafe shi cikin kwamfuta, na zauna kwana uku ina wanki. Na rage rurin jita, na goge karcewar murya, na cire wani dogon fito da ke tashi a ƙarshen kowace waƙa. Na ji abin ya fito sumul, har kana iya jin kalmomin. Na kira su ina ta jin daɗin kaina.

Dattijon ya zauna ya saurara, kai a sunkuye. Can sai na ga kafaɗunsa na rawa. Na tsorata, na zaci ciwon ne. Ashe dariya yake, irin ta wanda ba shi da murya, har da hawaye. Ya ja allo ya rubuta, "Wane ne wannan yaron kirki? A wane coci yake waƙa?"

Kunya ta rufe ni. Garin gyaran gira na tsokane ido. Allah ya taimake ni, a kan kwafi na yi ta'asar, ainihin tef ɗin yana nan yadda yake. Bai yi fushi ba. Ya sa na mai da na asalin, ya kama hannuna ya ɗora a kan maɓallin ƙara, ya tura har allura ta nutse a ja, sannan ya ɗora tafina a jikin lasifika don in ji yadda take bugawa. Ya rubuta, "Wannan dattin da ka wanke, shekara goma na yi ina nemansa."

Tun daga ranar, kafin in kira wani abu datti sai na tambayi na wane ne. Wata bakwai muka yi muna aikin. Duk Asabar 'yarsa ta kawo shi daga garin Bowie, ya tuɓe manyan takalmansa a bakin matakala don Hajiya ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kan wannan. Da ta gane abinci mai tauri na ba shi wuya sai ta fara dama masa kunun gyaɗa, shi kuma ya shanye ya zana mata tauraro biyar a allo. In azahar ta yi na shimfiɗa darduma a gefe, shi da kansa yake kashe lasifika ya jira. Abokaina a masallaci suna ta tsokanata wai Alhaji ya koma jin waƙar aljanu. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau ba zan kunna irin kiɗan nan a motata ba. Amma kunnena ya gane aikin da ke ciki. Na ji inda yake ɗaukar numfashi, na ji yadda yake riƙe ihu ɗaya tsawon lokacin da ni da ku za mu shiɗe, bai kauce ko kaɗan ba. Na san gwani in na ji shi.

Ana dab da gamawa sai 'yar ta zo da wani ɗan ƙaramin ril a gwangwanin biskit. A ɗakin ƙasa na gidan gwaggonta ta samo shi, inda ruwa ya taɓa shiga. Waƙarsa ce ta farko a duniya, yana ɗan shekara goma sha tara, shi da abokansa biyu a garejin gidan iyayensa. Babu kwafinta a ko'ina, shi kansa bai sake jin ta ba tun lokacin. Kamfanin na so ta zama ita ce ta buɗe akwatin.

Da na buɗe gwangwanin warin ruma ya buge ni. Fumfuna ta yi masa fari fat. Na share gefensa da ƙyalle mai laushi, na gasa shi kwana uku da zafi mafi ƙanƙanta, na bar shi ya huce kwana biyu. Duk da haka da na zare ɗan bakinsa na shafa, garin ƙarfen ya biyo yatsana kamar garin shayi. Na faɗa musu gaskiya. Wannan gashi ba zai warkar da shi ba. Duk inda ya bi ta kan inji zai bar muryarsa a nan, ya wuce fanko. Juyi ɗaya muke da shi, abin da muka kama mun kama, abin da ya kuɓuce ya tafi har abada. Na ce in suna so su kai shi wani babban wuri mai kayan aikin da ya fi nawa, ba zan ji haushi ba. Ya dube ni, ya rubuta kalma ɗaya, "Nan."

Ranar Asabar da hantsi muka zauna. Na goge kan inji sau uku, na duba audugar da kaina kamar Malam Garba na tsaye a kaina. Na haɗa na'urar ɗauka biyu don in ɗaya ta yi gardama ɗaya ta kama. Na roƙi Hajiya kada ta kunna injin wanki. Na yi bismilla na danna.

Jita ta fara, ba ta ma gama saituwa ba. Sai murya ta shigo, siririya, ta yaro mai ƙoƙarin ya yi ruri bai iya ba tukuna. Garin ƙarfe na zuba a ƙarƙashin kan inji kaɗan kaɗan, ina kallo. Minti ɗaya ya wuce lafiya. Muna cikin na biyu sai na ji dum, dum, dum.

Hannuna ya kai kan maɓallin tsayarwa kafin in yi tunani. Na san irin wannan bugu. In igiyar tef ta manne da 'yar'uwarta da ke ƙasa, tana ɓallewa da ƙarfi, kowace ɓallewa sai ta ba da wannan sauti, kuma tana ɗauke fatar abin da ke gaba. In haka ne dole in tsayar nan take in ceci sauran. Amma in ba haka ba ne, na tsayar a banza, to tsayawar da sake tashin za su fizgi igiyar su yanke waƙar a tsakiya, ba kuma komawa baya. Daƙiƙa biyu ko uku nake da su.

Na zuba wa faifan ido. Lahanin tef yana bin juyin faifai, duk zagaye sau ɗaya, ba ya ƙari ba ya ragi. Faifan ya zagaya, shiru. Ya sake zagayawa, shiru. Sai kuma dum dum dum dum dum, guda biyar a jere, da sauri, na ƙarshen ya fi ƙarfi. Inji ba ya fushi. Wannan bugun kuwa da fushi a cikinsa, har da amsa kuwwar ɗaki a bayansa. Na janye hannuna na sa shi a aljihu don kada ya ci amanata.

Yaran cikin tef ba su tsaya ba, sai ma suka ƙara wuta. Bugun ya dawo sau biyu kafin waƙar ta ƙare. Bayan kiɗa ya tsaya aka ji ƙarar ƙofar ƙarfe ana ɗaga ta, sai ƙit, wani ya kashe rikoda. Igiyar ta ƙare ta fita tana kaɗawa. Na ɗaga ta a fitila, haske na ratsa ta kamar leda. Babu sauran komai a kanta. Na duba na'urorin, duka biyun sun kama.

Sai a lokacin na waiwaya. Yana zaune yadda na bar shi, allo a cinya, ya rubuta, "Babana."

'Yar ce ta ƙarasa mini, don ita ma a bakin gwaggonta ta ji. Ashe uban ne yake dukan ƙofar garejin don su yi shiru. Mahaifinsa makanikin motocin bas ne, mutum mai zafi, wanda ya so ɗansa ya gaje shi. Bai taɓa zuwa wasansa ko sau ɗaya ba, bai taɓa sayen faifansa ba. Ya rasu ɗan yana wata ƙasa yana wasa, ba su taɓa zama sun yi maganar ba. Babu muryarsa a ko'ina, bai yarda da rikoda ba. Na tambayi dattijon ko in maimaita masa waƙar daga farko. Ya girgiza kai, ya nuna mini da yatsa a fuskar kwamfuta inda bugun yake. Nan kawai. Na mai da masa sau bakwai. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, na fita na ce wa Hajiya ta ɗan dakata da kunun.

Bayan kwana biyu injiniyan kamfanin ya kira ni. Ya yaba aikin, ya ce saura wannan bugun, zai cire shi cikin minti biyar ba wanda zai san ya taɓa kasancewa. Gaskiya ya faɗa, ni ma zan iya. Na ce masa ba nawa ba ne, ba nasa ba ne, ya tambayi mai shi.

Akwatin zai fito in ganye ya fara zuba. Makon jiya suka zo da samfurin ɗan littafin da za a saka a ciki, wai in gani kafin a buga. Ya buɗe shafin farko da kansa. A ƙarƙashin kowace waƙa an jera waɗanda suka yi ta. Ta farkon tana da layi huɗu. Murya, sunansa. Jita, wane. Ganga, wane. Na huɗun aka rubuta ƙofa, sannan cikakken sunan mahaifinsa.

Na ce ya yi kyau, zan miƙa masa littafin. Bai karɓa ba. Ya ɗora yatsa a kan layin, ya dube ni, ya nuna bakina. Sai na gane. Tun da aka yi masa aiki bai iya furta sunan ba. Na gyara tabarau na karanta masa da ƙarfi, da harshena na Bahaushe da ba ya lanƙwasa sunan Turawa daidai. Ya rufe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya. Na sake karantawa.